Gidan Kawu a Mairuwa da Arhar da Muke Ci

A makon jiya wani ya turo talla a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu na jami'a. Hotuna shida ne da ɗan bayani: gida a Mairuwa, kusa da titi, ɗaki biyar da zaure, rijiya a tsakar gida, ga fili a baya da zai ɗauki ƙarin gini. Dillalin ya rufe da cewa yanzu an samu lafiya a yankin, mai rabo ya hanzarta kafin farashi ya tashi. Kafin a yi la'asar mutum uku sun nemi lambarsa: ma'aikacin banki, malamin jami'a, da wani likita da ke aiki a Saudiyya.

Ni hoto na huɗu ne ya tsayar da ni. Akwai bishiyar lemun tsami a gefen rijiyar, sannan a bangon zaure ana ganin tabon wata taga da aka toshe, aka yaɓe ta da simintin da launinsa bai zo ɗaya da na sauran bangon ba. Na san tagar, na san wanda ya toshe ta, na kuma san abin da ya sa. Gidan kawuna ne, yayan mahaifiyata, inda na yi yawancin hutun makaranta ina yaro. Idan wannan ciniki ya faɗa, karo na uku ke nan da gidan zai canza hannu tun 2021.

Zan bi tarihin cinikin nan ɗaya bayan ɗaya, domin a cikinsa akwai maganar da ba mu cika son ji ba. A kudancin Katsina gidaje da gonaki suna ficewa daga hannun waɗanda tsoro ya kama, suna komawa hannun masu albashi da masu jari, da kuɗin da kowa ya san ba shi ne darajarsu ba. Ɗan bindiga ne ya karya farashin, amma ba shi ke saye ba. Mu ne masu sayen, mu da muke karanta irin wannan rubutu a waya. Kuma babu wata hukuma da ke rubuta ko layi ɗaya na abin da ke faruwa.

Gidan da unguwarsa

Mairuwa gari ne a ƙaramar hukumar Faskari, a kan titin da ya tashi daga Funtua ya bi ta Sheme da 'Yankara ya shiga Zamfara ta Tsafe. Daga Funtua tafiyar ba ta kai rabin awa a mota ba, kuma madatsar ruwan da ke Mairuwa an gina ta ne domin shayar da Funtua. Wannan kusanci ya sa garin ya daɗe da zama tamkar bayan garin Funtua. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya ko ɗan kasuwa zai kwana a Mairuwa, ya yi sammako zuwa wurin aikinsa, ya dawo da yamma ya leƙa gonarsa. Ƙasar kuwa ta noma ce ta gaske: masara, dawa, waken suya, shinkafa, da audugar da ta raya Funtua tun zamanin da layin dogo ya ratsa ta zuwa Gusau da Ƙaura Namoda.

Kakanmu ya samu filin gidan ne daga hannun maigari, da goro da godiya. Da ya rasu, 'ya'yansa mata, har da mahaifiyata, suka bar wa kawu rabonsu, da nufin a samu gidan da kowa zai sauka in ya zo gida. Shi ya rushe ginin ƙasa ya yi na bulo, ɗaki bayan ɗaki, kowace kaka da abin da ta kawo. Har yau mahaifiyata da amfanin gona take lissafa ɗakunan: wannan na auduga ne, wancan na masara, na ƙuryar can kuwa sai da aka sayar da bijimi aka rufa masa kwano. A layin akwai masallacin hamsu salawati, da mai shayi, da injin niƙa, da tela da ke ɗinki a zaurensa, da makarantar allo da ake kunna wa wuta bayan magariba. Gida irin wannan ba a yi masa kuɗi, domin ba wanda ya taɓa tunanin za a sayar.

Yadda tsoro ya shiga farashi

Duk wanda ke bin labarin yankin ya san jerin abubuwan. A watan Yunin 2020 aka kashe gomman mutane a Kadisau, cikin Faskari. Ranar 11 ga Disamba ta wannan shekara aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kusan mako guda. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan uku da ita kanta Funtua.

A ɗauki waɗannan matakai a duba su da idon magidancin da aka ɗauke masa mutum. Kadarar da talakan ƙauye ya fi saurin mayarwa kuɗi ita ce dabba, ga kasuwar dabbobi a rufe. Hanyar da zai nemi gudummawar dangi na birni ita ce waya, ga waya a katse. Me ya rage? Gona da gida.

A cikin wannan yanayi aka shiga gidan kawu da dare, aka tafi da matarsa da ɗansa na uku. Aka sayar da masarar da ke rumbu, da babur, da shanun huɗa a hannun wani da ya biya yadda ya ga dama. Aka yi yekuwa a masallaci. Mu 'yan birni muka tara abin da muka tara, nawa bai taka kara ya karya ba. Sai an bi hanyar Zariya a mota kafin a samu inda waya za ta shiga, a ji me aka ce, a dawo. Gona ta tafi, kuɗin bai cika ba, wa'adi na ƙaratowa. A nan aka kira dillali.

Ba zan manta kalmar da ya riƙa yawo da ita a Funtua ba: mai shi a matse yake. A bakin dillali wannan ba jaje ba ne, talla ce, kamar yadda zai ce gidan na kallon titi ko rijiyarsa ba ta ƙafewa. Wanda ya saya ma'aikacin gwamnati ne, mutumin kirki a idon kowa, ba ya wasa da jam'i. Ya yi tayi sau ɗaya, kawu ya sallama, domin wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. Kuɗin bai kai na fulotin da ba a aza ko bulo ɗaya a kansa ba a gefen Funtua. Aka yago takarda daga littafin makaranta, aka rubuta cewa wane ya sayar wa wane gidansa bisa yardarsa, ba tare da tilas ba. Shaidu huɗu suka sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, dillali ya cire la'adarsa daga kuɗin fansa.

Allah ya sa mutanen suka dawo da rai. Suka tarar ba gida.

Ciniki na biyu ya zo bayan kamar shekara biyu. Ma'aikacin nan bai taɓa kwana a gidan ba. Ya sayar wa wani ɗan kasuwar hatsi da riba, shi kuma ya mayar da ɗaki biyu ma'ajiyar masara, ya zuba 'yan haya a sauran. 'Yan hayar su wa ne? Mutanen ƙauyukan da ke can ciki, nesa da titi, waɗanda suka gudo Mairuwa kamar yadda mutanen Mairuwa suka gudu Funtua. Tsoron da ya karya kuɗin gidan shi ne ya dawo ya cika shi da masu biyan haya. A Funtua ma haka: unguwanni irin su Jabiri sun cika sun batse, ɗakin haya ya yi wuya, fuloti ya yi tsada. Mutum ɗaya zai iya sayen gidanka da arha a Mairuwa, ya ba ka hayar ɗaki da tsada a Funtua. Ta ko'ina ka juya, aljihunsa kake zubawa.

Yanzu ga ciniki na uku. A 2025 an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Faskari, shi ne abin da dillali ke nufi da an samu lafiya. Kuɗin da aka sa wa gidan ya ninka abin da aka ba kawu sau da yawa. Gaskiya ne naira ta faɗi: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500, buhun siminti ma ya taɓa naira 10,000 a wurare da yawa. Sai dai faɗuwar nairar a kan wa ta faɗa? Wanda ya karɓi gida ya riƙe bulo da ƙasa, su kuwa ba sa narkewa. Wanda ya karɓi takardun kuɗi ya kai su daji a cikin buhu.

Hujjar mai saye

Na san amsar da za a ba ni, domin na ji ta daga bakin mutanen da nake girmamawa, kuma ba hujjar banza ba ce. Za a ce: da ma'aikacin nan bai saya ba fa? Banki ba zai ba kawu rance a kan gidan da ba shi da takardar mallaka ba. Gwamnati ba za ta biya fansa ba, hasali ma a Afrilun 2022 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran doka da ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga mai biya. Mutumin nan ya fitar da tsabar kuɗi a ranar da kowa ya noƙe, ya kuma yi kasada, domin da garin ya tashi gaba ɗaya da kuɗinsa ya zama kango. Riba ai ladan kasada ce.

Akwai gaskiya a nan, kuma malamanmu sun riga mu ganinta. Littattafan fiƙihun Malikiyya, waɗanda alƙalan kotunan shari'a na Katsina ke hukunci da su, sun san wannan ciniki da sunansa: cinikin wanda aka matsa. Siffarsa ita ce azzalumi ya ɗora wa mutum kuɗi, shi kuma ya sayar da abinsa domin ya biya. Maganar da ta shahara a mazhabar, wadda Muktasar na Halil ya tafi a kanta, ita ce irin wannan ciniki bai zama tilas a kan mai sayarwa ba, yana da damar neman abinsa. Wasu malamai, irin su Ibn Kinana da Lakhmi, suka ce cinikin ya zartu, domin idan aka ce ba ya zartuwa babu wanda zai saya, wanda aka kama kuwa zai dawwama a hannun azzalumi. Akwai tafsili a kan wa aka kama da wa ya sayar, wannan kuma aikin alƙalai ne ba na ɗan jarida ba.

Amma a lura da abu ɗaya. Malaman da suka zartar da cinikin sun yi ne domin tausayin kamamme, su buɗe masa ƙofar kuɓuta. Babu wanda a cikinsu yake neman kare ribar mai saye. Saboda haka wanda ya fake da fatawarsu ya karya farashi ya ɗauki rahamar da aka yi domin wani ya mayar da ita jarinsa. Tambayar da ya kamata mai saye ya yi wa kansa gajeriya ce: da ba a ɗauki kowa ba, da wannan mutum zai sallama a wannan kuɗi? Idan amsar a'a ce, to ratar da ke tsakanin abin da ka biya da darajar gidan ba wayonka ne ya samo ta ba. Bindigar wani ce ta samo, kai ka karɓa.

Kasada ma tana da iyaka. A ce gidan ya rage daraja saboda yankin ya zama mai haɗari, wannan kasuwa ce, ta shafi kowane gida a layin. A ce an sake karya shi saboda an san mai shi kwana uku ya rage masa, wannan ba kasuwa ba ce. Dillalai sun san bambancin sarai, shi ya sa suke ambaton matsi a talla. Mu ma mun sani, shi ya sa kunnenmu ke tashi idan muka ji.

Ba na faɗar wannan daga saman dutse. Bara waccan wani ya kawo mini tallar gona a wajen Sheme, da kuɗin da albashina na 'yan watanni zai iya biya. Na yi tayi. Ban tambayi dalilin sayarwa ba, domin na san in na tambaya zan ji. Abin da ya hana cinikin ba tsoron Allah ba ne, wani ne ya riga ni biya.

Ciniki uku, rajista babu

A Ingila, duk wanda ke da intanet zai iya shiga kundin hukumar rajistar filaye ya ga nawa aka sayar da gida da ranar da aka sayar, tun daga 1995. A Amurka shafuka irin su Zillow suna jera tarihin cinikin gida ga duk mai so. Da Mairuwa na da irin wannan kundi, da kowa zai ga ramin da farashi ya faɗa a 2021, ya ga layi nawa ne suka canza masu su, ya ga sunayen da suka yi ta maimaituwa a gefen masu saye.

A nan tarihin gidan kawu yana cikin takardu uku ne, kowace a aljihun mai ita. Ba don babu doka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da filin da ke da shaidar gwamna sai da yardarsa, sashe na 21 ya ce filin gargajiya sai da amincewar ƙaramar hukuma, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. A aikace kuwa kusan ba wanda ke bi, saboda tsada da jinkiri da yawan ofis. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan wannan jiha, ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, kuma ƙiyasin da aka fi ambata tun lokacin shi ne ƙasar da ke da rajista a Nijeriya ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba.

Ga inda hatsarin yake. Katsina ta bi sahun Kaduna da Kano ta kafa hukumar taswirar filaye ta zamani, wato KATGIS. Abu ne mai kyau a kansa. Amma wa zai fara zuwa neman takardar mallaka? Ba kawu ba, wanda ke ɗakin haya. Mai albashi ne, wanda ya san ofis, ya san fom, yana da kuɗin safiyo. Ranar da aka buga masa takarda, cinikin da aka yi a bakin bindiga ya zama mallaka mai tambarin gwamnati, wadda banki zai karɓa, kotu za ta kare. Rajistar da ba ta tambayi yadda aka samu fili ba, wanka kawai za ta yi wa ƙwace.

Girman abin ma ba mu sani da adadi a matakin gari ba, sai dai mu auna da na ƙasa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto a Disamban 2024 cewa tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024 iyalai sun biya fansar naira tiriliyan 2.23, matsakaicin biya ɗaya kuwa naira miliyan 2.67. An yi ta gardama a kan jimillar, kuma mai son ya rage ta yana iya ragewa. Amma a tsaya a kan matsakaicin: manomi nawa ne a Faskari ko Sabuwa ke da miliyan biyu da rabi a ajiye? Kowace fansa da aka biya, akwai wata kadara da ta fita daga wani gida ta shiga wani.

Abin da Kolombiya ta yi

Ba mu ne farkon shiga wannan hali ba. A Kolombiya, shekarun yaƙi tsakanin gwamnati da 'yan tawaye da mayaƙan sa-kai sun kori miliyoyin manoma, kuma da yawa daga filayensu ba da ƙarfi aka ƙwace ba, saye aka yi da takarda da shaidu, a farashin tsoro. A 2011 majalisarsu ta yi doka mai lamba 1448, ta waɗanda rikici ya shafa da mayar da filaye, ta kuma koma baya har zuwa 1991. Dabarar dokar ita ce juya nauyin hujja. Idan an yi cinikin a inda ake tashin hankali da korar jama'a, ko kuɗin da aka biya bai kai rabin darajar filin ba, doka na ɗauka cewa babu yarda ta gaskiya, sai mai riƙe da filin ya kawo hujjar cewa ya saya da kyakkyawar niyya kuma ya yi bincike. Idan ya tabbatar, gwamnati ta biya shi diyya, fili ya koma ga mai shi.

Aikin bai tafi sumul ba. An yi jinkiri, an kashe wasu masu neman haƙƙinsu, har sai da aka tsawaita dokar zuwa 2031. Darasin da ya shafe mu shi ne wahalar da suka sha wajen tono hujjar cinikin da aka yi shekara ashirin baya, shaidu sun mutu, fili ya ratsa hannu biyar. Mu namu shaidun suna raye. Masu unguwannin da suka buga hatimi suna nan, kuma kowanne ya san gidan da aka sayar don aure da wanda aka sayar don fansa.

Abin da ya kamata a yi

Na farko na gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ne. A buɗe kundi a kowace gunduma ta ƙananan hukumomin da rikicin ya shafa, a rubuta duk gida da gonar da aka sayar daga 2019 zuwa yau: wa ya sayar, wa ya saya, nawa, saboda me. Ba ya bukatar kwangila, littafi ne da magatakarda da umarnin hakimi. Sannan kada a ba da takardar mallaka a kan irin waɗannan kadarori sai an kira mai sayarwa na farko an ji ta bakinsa. Duk zaman sulhun da ya yi maganar sakin mutane da buɗe kasuwa, bai yi maganar inda mutane za su koma su kwana ba, rabi aka yi.

Na biyu na malamai da alƙalai ne. Mas'alar tana cikin littattafan da ke gabansu, amma ban taɓa jin huɗubar Juma'a a kanta ba. A yi wa mutane bayanin iƙala, wato warware ciniki da yardar juna, wadda shari'a ta kwaɗaitar a kanta. A gaya musu cewa Malikiyya sun halatta mai saye, bayan an gama ciniki, ya yi alkawari don raɗin kansa cewa duk ranar da mai gida ya kawo kuɗin zai mayar masa da gidansa. A gaya musu cewa rance da jingina, ba tare da cin amfanin abin da aka jinginar ba, ya fi saye kusa da taimako. Hukumomin zakka ma su tuna cewa mai bashi na cikin waɗanda aka ambata.

Na uku namu ne, kuma ba ya jiran kowa. Idan an kawo maka talla daga Mairuwa ko Sheme ko Dandume ko Sabuwa, ka tambayi dalilin sayarwa, ka nemi ganin mai shi ido da ido. Idan za ka saya, ka biya abin da maƙwabta za su ce shi ne kuɗin gidan. Idan ka riga ka saya a wancan lokaci, ka san sunan mutumin, dillalin ma ya san inda yake. Ka neme shi. Ko ka mayar masa a kan kuɗin da ka biya tare da abin da naira ta rage, ko ka raba ribar da shi. Lauyoyinmu su tsara takardar ciniki mai sauƙi da Hausa wadda ke da gurbin dalili da gurbin wannan alkawari, a raba wa masu unguwanni. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗin walima duk shekara za su iya tara asusun rance mara ruwa, ta yadda wanda aka ɗaukar wa mutum zai jinginar da gida maimakon ya sayar.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun ƙware wajen rubuta sharhi a kan gazawar gwamnati da zaluncin ɗan bindiga, duk kuwa gaskiya ne. Sai dai idan aka zo lissafin wa ya fita daga waɗannan shekaru da kadara fiye da yadda ya shiga, sunayen da za a samu na masu digiri ne da masu shago a kasuwar hatsi.

Ranar Asabar na je Funtua na tarar da kawu a ƙofar gidan da yake haya, ɗaki biyu shi da iyalinsa duka. Na miƙa masa wayar ba tare da na ce komai ba. Ya daɗe yana kallon hoto na huɗu, ya sa yatsa biyu ya buɗa shi kamar yadda jikokinsa suka koya masa.

Na ce, "Kawu, in muka haɗa kai da su Yaya, ko za mu yi tayi?"

Ya tambayi nawa aka ce. Na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ku riƙe kuɗinku, ɗan nan, kuna da yara. Amma in ka san wanda zai saya, ka ce masa rijiyar nan tana son yasa duk shekara biyu, kuma kada ya sare lemun, uwarka ce ta shuka."

Na rubuta saƙon a zauren ajinmu kamar yadda ya faɗa, na ƙara da labarin cinikin farko. Ma'aikacin bankin da malamin jami'ar ba su ce komai ba. Likitan ya kira ni da dare, ya tambayi nawa aka ba kawu a wancan lokaci, ya kuma nemi lambarsa. Har yanzu da nake wannan rubutu bai kira shi ba, gidan kuma yana kasuwa.